Filin tambaya da amsa: dokina ya daina yarda a taɓa masa kai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema akan dokin mahaifinmu da nake kula dashi, ingarma ne shekararsa wajen shida, kuma wallahi tunda aka kawo shi gidan nan bai taɓa nuna mugun hali ba har ƙannena ƙanana suna shafa masa fuska. To tun bayan hawan ƙaramar sallah, yau wajen wata ɗaya kenan, ya canza gaba ɗaya, in ka kai hannu wajen kunnensa ko ƙeyarsa sai ya fizge kai sama ya ja da baya kamar zai tumɓuke turke, saka linzami kuwa sai mun taru mu uku, ranar nan har ya kai wa yaron da ke mana yankan ciyawa cizo. Abinci yana ci amma rabi a ƙasa yake zubewa kuma ya ɗan faɗa. Wasu sunce baki ne ya kama shi saboda yadda yayi kyau ranar hawa, wasu sunce ƙoshi ne kawai a bashi bulala zai dawo hanya. Anyi hayaƙi anyi tofi, mun kuma yi masa allurar buta ya ɗan lafa kwana biyu ya dawo yadda yake. Ya zamu yi?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka rubuto kafin ka bi shawarar masu bulala. Ka ajiye bulalar nan don Allah. Dokin da yara ke shafa masa fuska ba zai wayi gari haka kawai ya zama mafaɗaci ba, ciwo ne ke cinsa a wani wuri a kan nan nasa, kuma kai da kanka ka kawo shaidar: kace da aka yi masa buta ya lafa kwana biyu. Buta maganin raɗaɗi ne da kumburi, baya gyara hali, to in har hali ya gyaru da buta ai ka san raɗaɗi ne ya ɓata shi. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana ka, ka ci gaba, amma a haɗa da dubawa.

Kafin ka sa hannu a bakinsa akwai abin da dole in fara faɗa, ba don kai kaɗai ba har da duk mai doki da ke karanta wannan filin. Dokin da ya canza hali dare ɗaya, yana cizon mutane ko yana cizon jikinsa, yawu na dalala, ya kasa haɗiyar ruwa, yana tangaɗi, a ɗauka ciwon haukan kare ne har sai likita ya ce ba shi bane, doki yana kamuwa in mahaukacin kare ya cije shi kuma yana iya sa wa mutum. Kar a tura hannu a bakinsa, a killace shi. Wanda dokin ya ciza a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan a wuce asibiti a ranar, ba gobe ba. Naka dai hankalina ya ɗan kwanta, domin wannan ciwon in ya bayyana a doki cikin 'yan kwanaki yake kashewa, baya kai wata ɗaya yana cin harawa. Na biyu tetanos, ciwon sandarewar jiki, wanda ƙusa ko wani rauni mai zurfi ke jawowa ko dandaƙa da kayan da basu da tsafta, zaka ga kunnuwa a miƙe ƙyam, wutsiya a ɗage, muƙamuƙi a sarƙe, in ka tafa hannu kusa dashi sai ya zabura wata farar fata ta taso daga gefen ido ta rufe rabinsa. Doki na daga cikin dabbobin da wannan ciwon yafi yi wa illa, akwai rigakafinsa kuma bashi da tsada, amma ƙalilan ne ke yi. Na uku ka auna zafin jikinsa ta dubura da ma'aunin zafi irin na kemis, lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa. In zafi ya haura kuma ramukan nan biyu da ke saman idanunsa sun cike sun kumburo, musamman da damina lokacin ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, wannan annobar dawaki ce da ke kisa da sauri, likita ake kira a take. Haka in ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura yana majina mai kauri, a raba shi da sauran dawaki har bokitin ruwa.

In duk babu waɗannan, to ni a bakinsa zan fara, saboda maganar zubar da abinci da ramar da ka faɗa. Haƙoran doki ba irin namu bane, suna ci gaba da fitowa kusan duk rayuwarsa, milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna ce ke cinye su. Kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka cinyewar bata tafiya daidai, turamen sama sai suyi kaifi ta gefen kumatu, na ƙasa suyi kaifi ta gefen harshe. Dokin da ke kiwo a fili yana tsinkar ciyawa yini guda abin baya yi masa yawa, amma namu na turke da ake ɗura wa dawa da dusa baya samun doguwar taunar da zata goge kaifin, sai haƙori ya riƙa yankar kumatu daga ciki har yayi gyambo, kaga in ka zo ka ɗaure ragama ko igiyar linzami ta danne kumatun akan kaifin nan dole ya fizge kai. Ka duba gindin turkensa da safe, in kaga dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar, ko ƙwayar dawa guda guda a cikin kashinsa, ko yana karkata kai gefe ɗaya in yana ci, ko bakin na wari, magana ta kusa ƙarewa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da wasu dawaki ke dashi a gaban turamen sama, daidai inda ƙarfen linzami ke bugawa, bashi da amfani wajen tauna kuma in yana damun doki cire shi ake yi. Waɗanda dokinsu ke tsakanin shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi su kuma su sani lokacin famfara ne, haƙoran nono na faɗuwa, bakin yana ciwo ko ba komai, a yi haƙuri da linzami a lokacin.

Gyaran ba wani abu bane mai wuya a hannun wanda ya iya, allura ake yi masa jikinsa yayi sanyi, a sa ƙarfen buɗe baki a haska fitila har can ciki, a goge kaifin da magagari, kuma ya kamata duk dokin turke a duba masa baki sau ɗaya a shekara. Abin da nake roƙonka shine kar ka tura hannunka can ciki da kanka, turmin doki yana murƙushe yatsa. Kuma in wani ya ɗaga masa leɓe ya nuna maka dasashin sama da ya ɗan kumburo a bayan haƙoran gaba yace shine cutar a tsaga ko a ƙona da ƙarfe, kar ka yarda, yawancin dawaki masu ƙuruciya haka nasu yake, ƙonawar azaba ce kawai a kan azaba.

Sai linzamin kansa, kuma a nan ne nafi zargi tunda kace bayan hawa abin ya fara. Linzaminmu na gargajiya mai zoben nan da ke zagaye haɓa da harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa yana da tsanani sosai, an yi shi ne don a tsayar da doki cak yana tsakiyar gudu, kuma kowa ya san yadda ranar hawa take, sukuwa a ja a tsaya, a ɗaga shi tsaye, ga bindiga ga kiɗa ga jama'a, wani lokacin ma ba mai dokin bane a kai aro aka bayar. A yini ɗaya ana iya tsaga harshe, a ƙuje ganɗa, a farfasa wawulon nan da ke tsakanin haƙoran gaba da turame inda ƙarfen ke kwanciya, kuma fatar wurin siririya ce ƙashi na nan ƙarƙashinta kusa, wani lokacin har ɓallin ƙashi ke mutuwa a ciki ya riƙa ruwa sai an cire. Raina yana ɓaci in naga doki ya dawo daga hawa kumfar bakinsa ja amma ana ta yaba mahayi. Wannan wurin kana iya dubawa da kanka daga gefe, ka ɗaga leɓe a hankali ka kalli kusurwar baki da wawulon da ƙarƙashin haɓa. Ka tambayi wanda ya hau shi ranar tsakani da Allah me ya faru. Kuma ka ajiye linzami gaba ɗaya har sai an duba shi, a ja shi da ragama mai laushi.

Kunne kuma, kaska tana shiga can ciki ta lafe, ƙudaje masu cizo suna yi wa bakin kunnen ɓawon jini, akwai wasu fararen tabo masu kaushi da ke fitowa a cikin kunne waɗanda ƙananan ƙudaje ke yaɗawa, kar a kankare su, kankarewa ce ke sa doki ya tsani a taɓa masa kunne har abada. Kar a zuba kalanzir ko baƙin mai. Sannan maganin kaska na shanu mai amitraz a ciki guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji har ya mutu, a karanta jikin kwalba kafin a wanke doki da komai. Ku da kuke taruwa ku uku wajen saka linzami, na san akwai mai murɗe kunne a cikinku don ya tsaya, a daina, ko ciwon farko ya warke tsoron murɗewar zai zauna.

Ka kuma shafa ƙeyarsa in ya bari, tsakanin kunnuwa inda igiya ke zama, ka ji ko akwai zafi ko kumburi ko wani gefe ya fi wani tudu. Dokin da ya ɗaga tsaye ya faɗi ta baya, ko ya buga kai a ƙofar barga mai gajarta ko a ƙarfen mota lokacin da aka ɗauko shi, ko ya ja igiya da ƙarfi a turke, duk a nan yake jin ciwo. Wani lokacin wurin yakan tara ruwa ya fashe yana mugunya, irin wannan ana samun ƙwayar cutar nan mai sa shanu ɓari a ciki musamman dokin da ke kiwo tare da shanu, kuma tana kama mutum, don haka ba'a taɓawa da hannu tsirara.

Ido ma kar a manta dashi. Dokin da ido ɗaya ya fara mutuwa zai riƙa zabura duk sanda hannu ya ɓullo masa ta wannan gefen, to ka lura ta wane gefe yake fizgewa, dama ko hagu ko duka. Hawaye, runtse ido a rana, hazo a baƙin idon, duk na gaggawa ne, kuma kar a ɗiga masa ragowar maganin idon mutane, wasu suna da sinadarin da in akwai ƙujewa a idon sai ya narke. In kuma majina mai wari na fita ta hanci ɗaya tak, yawanci saiwar haƙorin sama ce ta ruɓe ta fasa cikin kogon fuska. In kan ya karkace gefe guda kunne ɗaya ya langaɓe leɓe ya saki, ciwon yana can cikin kunne kusa da jijiya, sai asibiti.

Buta dai a tsaya haka. Yawan yinta yana yi wa ciki gyambo ya lalata ƙoda, in allurar ta kauce jijiya kuma naman wurin ruɓewa yake, ga shi tana rufe alamun da likita zai gani. Allurar deksa ma da ake yi wa dawaki don su yi ƙiba tana iya jawo ciwon kofato mai kwantar da doki. Kai da kake Zariya ai kana kusa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan, na Sakkwato da na Maiduguri suma suna da nasu a jami'o'insu. Kafin ka je ka ɗauki bidiyonsa a waya yana cin abinci da lokacin da ake kai hannu kansa, domin doki yakan ɓoye ciwo a baƙon wuri. Bayan an gyara kuma kar ka zaci washegari zai miƙo maka kai, ka fara shafawa daga kafaɗa zuwa wuya, inda ya fara ɗaurewa ka tsaya ka janye hannu, gobe ka ƙara gaba kaɗan, kuma a hana yara zuwa kusa dashi tukuna.

TAMBAYA

Dakta ina gaisuwa. Ni dattijo ne na daɗe ina kiwon dawaki amma wannan ya ɗaure min kai, ɗan dokina mai shekara uku fuskarsa ce ke ƙara faɗi a hankali, karan hancin ya cika ta gefe biyu, baya son a taɓa, ga ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan, ya zama mai saurin fushi. Kuma ba yunwa bace, dusar alkama da dawa har sai ya bari.

Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA

Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma. Amsar tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Ƙashi yana buƙatar sinadarai biyu, kalsiyam da fosfaras, kuma doki yana so kalsiyam ya rinjaya a abincinsa, kamar kashi biyu zuwa ɗaya ko kusa da haka. To dusa da hatsi akasin haka suke, fosfaras fal kalsiyam kaɗan, dusar alkama ma ta fi kowa. In aka daɗe a haka jiki sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi don ya cike na jini, ƙasusuwan fuska su yi laushi su kumburo, haƙora su fara girgiɗi, gaɓoɓi su riƙa ciwo, shi yasa ɗingishin ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa. Tun zamanin da a Turai an san wannan ciwon a dawakin masu injin niƙa, saboda dusa ce abincinsu, kuma yafi kama masu tasowa irin naka da ƙashinsu ke kan ginuwa. Abin tausayin shine yawanci dokin da aka fi so aka fi kashe wa kuɗi shi yake samu.

Abin yi, a rage dusar sosai amma a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, kar a canza abinci rana ɗaya ciki ya murɗe. Ciyawa ta zama ita ce uwar abinci, a ƙara harawar wake ko ta gyaɗa mai kyau marar fumfuna domin su suna da kalsiyam, likita kuma ya auna masa garin kalsiyam irin na abincin dabbobi gwargwadon nauyinsa. Kanwa da ake jiƙa masa bata maye gurbin wannan. Kar a hau shi Baba, ko kilisa, na wasu watanni, ƙashin da ya yi laushi yana karyewa da abin da bai kai ya kawo ba. Ɗingishin da fushin suna tafiya in abinci ya daidaita, faɗin fuskar ne ba lallai ya koma yadda yake ba. Tunda muna maganar abinci in ƙara da wannan: masara mai fumfuna tana lalata ƙwaƙwalwar doki, zaka ganshi yana tokare kai a bango yana zagaye wuri ɗaya kamar baya gani, kuma abincin kaji ba na doki bane ko kaɗan, wani maganin da ake haɗawa a ciki yana kashe doki ta zuciya.

TAMBAYA

Salam Dakta, ni ina kula da dawakin folo ne. Akwai wani dandaƙaƙƙe da in an fito dashi rana yana gudu sai ya riƙa kaɗa kai sama da ƙasa farat farat kamar ƙuda ya shige masa hanci, yana atishawa yana goga hanci a ƙafar gaba, amma a inuwa ko da daddare lafiya lau. An duba haƙori an duba kunne an canza linzami ba'a ga komai ba.

Daga wani mai karatu a Kaduna

AMSA

Wa'alaikas salam, sannu da ƙoƙari, kuma kun kyauta da kuka fara da haƙori da kunne. Yadda ka kwatanta ya yi kama da ciwon jijiyar fuska, wata babbar jijiya ce da ke ɗauko ji daga hanci da leɓe da kumatu zuwa ƙwaƙwalwa, a wasu dawaki sai ta zama mai saurin tashi, hasken rana ko iska a hanci ko gudu kaɗai ya isa ta harba masa zafi farat ɗaya. Yafi yawa a dandaƙaƙƙu, a wasu yana zuwa da yanayi ya tafi da yanayi, kuma in an duba jijiyar ba'a ganin rauni, shi yasa sai an kore duk sauran dalilai kafin a ce shine, har da ido da kogon hanci, likita ma yakan kashe jijiyar da allura na ɗan lokaci ya ga ko kaɗawar zata tsaya. Kar a ɗaure masa kai ƙasa da igiya don a hana shi, zafin yana nan, hanyar nuna shi kawai aka toshe, kuma doki a haka yana iya faɗuwa da mahayi.

Ka gwada ragar hanci, wata 'yar raga ce mai laushi da ake rataya wa a igiyar hanci ta sauko ta rufe hancin da leɓen sama, tela ma zai ɗinka maka da ragar sauro mai kauri, wasu dawaki suna samun sauƙi sosai da ita wasu kuma ko gezau. Wanda rana ce ke tada masa a sa masa abin rufe fuska mai tare haske, a mayar da motsa shi da asuba ko bayan la'asar sakaliya, da hunturu kuma a yayyafa ruwa a ciyawarsa saboda ƙura. Akwai ƙwayoyi da likitoci ke gwadawa amma suna sa kasala kuma basa yi wa kowane doki aiki, ba abin saye a kemis bane. Ka riƙa rubuta ranakun da ya yi da yadda garin yake, rana ko hadari ko iska, ka kai wa likitan tare da bidiyo, sannan ka gaya wa mai dokin gaskiya kar a shiga wasa dashi da tsakar rana har sai an ga abin da ya karɓe shi.